Karan da Ke Bayan Kujerar Mota

Yayana ya rasu a tsakiyar noman rani, tumatirinsa yana fure. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, da gona a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, da tsohuwar a-kori-kura wadda ya fi shekara goma sha biyar yana kai kaya kasuwa da ita. Ni ba direba ba ne sosai. Ina iya tuƙi, amma cikin mota ban san shi ba. Shi ne mai shiga ƙarƙashi, ni nawa miƙa sifana.

Bayan sadakar bakwai na wanke motar. Ban san me ya sa ba, hannuna ne dai yake neman abin yi. Na kwashe tarkacen da ke bayan kujera: igiyar roba, tsumma, ɓawon gyaɗa, da wani guntun karan dawa mai tsage-tsage a jikinsa. Na tattara na zuba a juji.

Gonar ni na ci gaba da yi mata ban ruwa. Abincin gidan Yaya na shekara yana cikin tumatirin nan, kuma shi ne shuka ta ƙarshe da ya yi da hannunsa. Da ya nuna, muka yi tsinka ta farko ranar Litinin, kwando ya cika bakin gona. Na loda rabi, na kama hanyar kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ban yi nisa ba motar ta fara ihu ba ta tafiya. Ina taka mai, inji na kuka, taya ba ta jin kira. Wani wari kamar na ƙonannen fata ya cika gaban motar.

Bakaniken garinmu, abokin Yaya ne tun suna samari, ya zo ya leƙa, ya shinshina.

"Farantin kuloci ne ya cinye," in ji shi. "Ka bari in sauke giya gobe da safe, ka ɗauki tsohon ka tafi da shi Kano."

Na dubi kwandunan suna shan rana. Na ce masa ba zan jira ba. Shi ya ja motar zuwa garejinsa ya sauke, ni in tafi yanzu in sayo, mu haɗu a tsakiya, mun ci kwana guda ke nan.

"Malam, yayanka bai taɓa zuwa kasuwa hannu sake ba."

Na ce ai na san sunan motar da shekarar ƙirarta. Ya ƙyale ni na tafi. Ina ganin ya ji nauyin yi mini musu ne ina cikin makoki.

A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, wani dattijo mai shagon kayan mota ya saurare ni, sannan ya miƙo hannu.

"Ina tsohon?"

"Yana jikin mota, Alhaji."

"To kai ɗinki ka zo yi babu gwaji? Iri biyu ne ke shiga wannan motar, babba da ƙarami, haƙoran tsakiya ma ba ɗaya ba ne. Wanne ne naka?"

Na ce wanda kamfani ya sa mata. Ya ba ni shi, ya ce in bai yi ba in dawo da shi da tsabtarsa, kada in bari a shafa masa baƙin mai.

Washegari da hantsi bakaniken ya aza sabon a kan tsohon. Ko ni da ban san aikin ba na ga sabon ya fi faɗi da kamar yatsa guda. Ya gwada zura shi a sandar giya, ya ƙi shiga. Sai ya dafe kai.

"Kai, ni ma na manta. Ai marigayi ya canja mata inji da giya tun shekarar da aka yi ambaliya. Jikin ne nata, cikin na wata motar ce."

Na koma gida don in faɗa wa matar Yaya. Tana takaba, ba ta fita, sai na tsaya daga bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Na yi mata bayani yadda zan iya. Ta saurara har na gama.

"Baba Ƙarami," haka yaran ke kirana, ita ma ta ɗauka, "ba ka duba bayan kujera ba? Akwai wani kara da yake ajiyewa. Tsawonsa shi ne faɗin abin, tsagar da ke jiki kuma yawan haƙoran. In zai je Kano a aljihu yake saka shi. Har tsiya nake masa, in ce mutum da tsinken awo kamar mai sayar da yadi."

Ta ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Na fita na nufi juji. An riga an kwashe shi an kai gona taki. Na tsaya a wurin ina tona ƙasa da ƙafa, ko da yake na san babu.

Ranar Laraba na koma Kano da tsohon farantin a cikin buhu. Dattijon ya aza shi a kan wani, ya daidaita gefe da gefe, ya ƙirga haƙoran da bakin biro, ya sake ƙirgawa. Bai yi mini gori ba. Da na faɗa masa mai motar ya rasu, ya ajiye biron ya yi masa addu'a.

Motar ta tashi ranar Alhamis da la'asar. Kafin nan na nemi wata motar haya, amma lokacin kowa tumatirinsa ya nuna, babu wadda ba a kama ba. Tsinkar farko ta kwana uku a kwando. Na ƙasa ya yi ruwa, ƙuda ya taru. Muka zazzage a kan tabarma muna tsincewa. Abin da ya kai kasuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya yi laushi bai ruɓe ba na kai gida, matar Yaya da maƙwabtanta suka yanka shi biyu-biyu suka shanya a kan rufin ɗaki da zana. Tsakar gidan ta yi ja kwana da kwanaki. Da wannan busasshen tumatirin aka yi miyar gidan har damina. Sauran tsinkar ta fita lafiya, amma ta farko ita ce mai manyan 'ya'ya, ita Yaya yake cewa za ta fitar da shi kunya.

A ranar Alhamis ɗin, kafin bakaniken ya ɗaura sabon farantin, na ce ya dakata. Na karyo kara daga dangar garejin, na aza a kai, na yanke daidai faɗinsa. Yana ƙirga haƙoran da ƙarfi, ni ina tsagawa da reza ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama ya karɓa ya juya shi a hannu.

"Na marigayi ya fi wannan kyau," ya ce.

Na ce na sani.

Matar Yaya ba ta taɓa tambayata inda na kai karan Yaya ba, ni ma ban faɗa mata ba. Na sa nawa a bayan kujera, a inda na tsinci wancan.