Abin da Na Faɗa wa Alhaji Mai Citta

Na yi shekaru ina bin gidaje a Kafanchan da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ina ɗiga wa yara rigakafin shan inna. Coci nake zuwa, amma a layin kasuwa, inda yawanci Musulmi ne, babu zauren da ban shiga ba. Sista suke ce mini.

Gida ɗaya ne ya gagare ni, gidan wani Alhaji mai sayen citta. Tun zamanin mahaifina yake sayen cittar gonarmu ta Kagoma, don haka bai taɓa yi mini wulaƙanci ba. Zai sa a kawo kujera da ruwa, ya tambayi lafiyar tsohuwata, sannan ya ce, "Sista, ki yi haƙuri, ban da autata." Sai in sa alamar ƙi a bangonsa da alli, in wuce.

Wata safiya matarsa ta iske ni a asibiti da yarinyar a goye. Ta yi zazzaɓi ta warke, amma ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Na ɗaga ƙafar na saki, ta faɗi kamar tsumma. Ni da kaina na ɗebi bayan gidanta aka tura gwaji.

Da sakamako ya dawo, shugabanmu ya tara mu. Ya ce shan inna ce, amma ba irin ta da can ba. Ƙwayar da ke cikin ɗigon mai rauni ce, kuma tana fita ta bayan gidan yaron da aka ɗiga wa. In ta tarar da yara da yawa marasa rigakafi, sai ta yi ta yawo a tsakaninsu har ta rikiɗe ta yi ƙarfi. Ita ce ta kama yarinyar.

Abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Ki gaya wa Alhaji shan inna ce kawai, kada ki ƙara komai."

Ban ji maganarta ba. Na same shi a shagonsa, na yi masa bayani tun daga tushe.

Ya ce, "Wato daga ɗigon naku ta fito?"

"Asalinta ke nan, Alhaji. Amma da an ɗiga mata, da ba ta kama ta ba."

"Na hana ku bakinta, duk da haka abin ya biyo ta ta 'ya'yan maƙwabta."

"Da duk yaran layin sun karɓa, da ƙwayar ba ta sami wurin zama ba."

"In kuma babu wanda ya karɓa fa?"

"Sai ta da can ta dawo, wadda ta fi muni."

Ya juya ya dubi buhunan citta. Can ya ce, "To laifin wa ke nan, Sista? Nawa ko naki?"

Har na bar shagon bai ɗaga murya ba.

Bai yi mini ƙarya ba, abin da na faɗa shi ya faɗa wa abokansa. Amma rabin maganar ne ya yi tafiya. Kafin wata ya ƙare, har a Zonkwa ana cewa Sista ta amsa da bakinta cewa ɗigon ne ke shanye ƙafa. A zumuntar matan cocinmu, wata malamar sakandare ta karanto mana daga wayarta cewa yi wa jama'a rigakafi gaba ɗaya shi ke sa cuta rikiɗa. Na tashi in yi gyara, aka ce lokacin addu'a ya yi.

A zagayen rigakafin da ya biyo baya, ƙofofin da suka saba buɗe mini suka rufe. Matar ƙanena ta kulle 'ya'yanta a ɗaki, ina jin tarinsu tana ce mini sun tafi ƙauye. Na san kowace ƙofa da ta rufe, wuri ne ƙwayar ta ƙara samu, kuma bakina ne ya jawo.

Na roƙa aka mayar da ni ɗakin yankan kati na asibiti, can nake har yau. Yarinyar ta shiga firamare, da sanda take tafiya. Uwarta na gaishe ni in mun haɗu a kasuwa, ta ma sake haihuwa. Ban tambaye ta ko an ɗiga wa jaririn ba, ina tsoron abin da za ta ce.