Ƙarar da Na Cire

Ƙarar cokali ce a jikin kofin shayi, sau uku: tin, tin, tin. Baba ne ya ɗauke ta da wayarsa a tsakar gidanmu a Wurno, kuma in mutum ya kasa kunne sosai zai ji kukan zabuwar maƙwabta can ƙasa-ƙasa a bayanta. Ita kwamfuta take yi idan ta gama ɗora wa kanta tsari. Har yau in wani ya taɓa kofi da cokali a wurin aikina sai na ɗaga kai, ina jiran a ce mini in tashi in duba.

Aikin Baba ke nan shekara da shekaru. Makaranta ta samu kwamfutoci, a kira shi ya ɗora musu tsarin da ke tafiyar da su. Da can ɗaya bayan ɗaya yake bi. Kwamfuta ta tambayi harshe, ya amsa. Ta tambayi lokacin ƙasa, ya amsa. Ta tambayi sunan da za a sa mata, ya amsa. Sai ya wuni a kan guda huɗu. A shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida, na tarar ya sauya hanya. Ya rubuta fayil guda ya zuba dukan amsoshin a ciki, ya sa a filashi, ɗan abin adana bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta. Takardar amsa yake ce masa. A soka filashi, a kunna, a koma a zauna. Kwamfuta ta tambayi kanta, ta ba kanta amsa, in ta gama ta buga cokali.

"Uwata, za ki raka ni?" Haka ya ce mini da safiyar wata Asabar. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. An ba shi makarantu a Rabah da Goronyo, kuma ya jingine babur ɗinsa, ya ce bayansa ba ya son hanya. Motar haya muke shiga, jakar a cinyata, shi kuma hannunsa a kan aljihun da filashin yake.

Kafin mu je ko'ina sai mun gwada a gida, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke zaure. Ba ya yarda da gyara ko na harafi ɗaya sai an goge komai an sake ɗorawa daga farko. In cokali ya buga, sai ya jingina da bango ya lumshe ido.

"Mi tac ce?"

"Ta ce barka da zuwa."

"Agogo hwa?"

In faɗi. Ya ce mu jira ladan mu ji ko sun yi daidai. Daga nan sai haruffanmu masu lanƙwasa: in rubuta *ƙadangare ya ɓuya a ɗaki*, in karanta masa, ya ce to ƙadangare ya tsira. Na ƙarshe burauza, manhajar da ake buɗe shafuka da ita. Takardar amsa ce ke zaɓar wadda za ta riƙa buɗewa, ta kuma sa mata shafin farko, wato darussan da muka adana a cikin kwamfutar, don yawancin makarantun ba su da intanet. Ni a zatona jarraba ni yake yi. Ina karantawa ina gyara murya, kamar mai ba da hadda.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Baba ya sa burauzar ta riƙa buɗe rubutu da girma ninki biyu. Kalma biyar ta cika layi. Ni kuwa a makaranta na saba da shafi mai tsari, siririn rubutu da fili a gefe, irin wanda ido ke hutawa a kansa.

A Rabah abin ya fashe. Cokula goma suka buga kusan tare, malamai suka taso suna dariya. Wani malamin lissafi mai barkwanci ya buɗe burauza, ya ja da baya har bakin ƙofa.

"Malam, wanga rubutu ai ko daga Achida ana karanta shi! Kowane harafi awa buhun albasa."

Baba ya yi dariya tare da su. "Don yaran bencin baya na."

"Ina bencin baya nan? Kowa ga tashi gabanai. Shayin hwa, yaushe a ka kawo muna shi?"

Ba da mugunta suka faɗa ba, har fura suka saya mana. Amma ni kunya ta rufe ni. Na ga kamar an mayar da Babana tsohon da zamani ya wuce, ni kuma ina tsaye da takardar shaidata ban tare masa ba. A mota na kasa haƙuri.

"Baba, ka bari in gyara takardar."

"Mi ad da ita?"

"Babu komi. In ɗan rage rubutun, in cire ƙarar. Su daina yi muna dariya."

Ya juya fuskarsa ga taga. Muna wuce gonakin da aka cire albasa, warinta ya cika motar.

"Gyara, uwata. Ki gwada ta gida. In ta ci jarrabawa makarantar Rimawa, sauran makarantun Goronyo naki na."

Abin da nake so ke nan tun ranar farko, ya danƙa mini filashin nan da hannunsa. Kwana uku na yi a zaure. Layi biyu ne kawai, amma sau shida na goge na sake ɗorawa. A gwaji na biyu burauzar ta manta shafin farko, ta buɗe fari fat, don na share wata alama ban sani ba. Na gano, na mayar. Baba bai shigo ba ko sau ɗaya. Ina jin rediyonsa daga tsakar gida, na ce a raina ya sakar mini ne don in koya.

Ranar Rimawa zafin bazara ya yi tsanani. Ɗakin kwamfutar na warin sabon fenti, sola ce ke ba shi wuta, fanka ɗaya tana juyawa a kasale. Na bi kwamfutoci goma sha biyu na tayar da su, Baba ya zauna kan benci kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Ɗaya bayan ɗaya suka gama, shiru, ba wadda ta yi ko tari. Na zagaya na duba agogo, na rubuta ƙadangare, na buɗe burauza. Shafin ya fito siriri, tsaf, kamar sabon littafi. Na tsaya ina jiran ya taso.

Bai taso ba. Sai da aka kira Azahar ya ce, "Yau sun daɗe. Ko wutar ta ba ta isa?"

"Baba, ai sun gama tun ɗazu."

"To." Ya sa hularsa. "To, madalla."

Ya zo ya tsaya bayan kujerata, ya dafa kafaɗata, ya sunkuyo har ina jin ƙamshin turaren rigarsa. Ya kalli fuskar kwamfutar ya daɗe.

"Karanta mani."

Na karanta masa kan shafin, da darasi na farko, da na biyu, cike da murna.

"Ya yi kyau," ya ce. "Wallahi ya yi kyau. Naki ya hi nawa."

A bakin hanya, muna jiran mota a inuwar dogon yaro, ya ciro filashin ya sa mini a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kansa. Da ɗumin aljihunsa. Makarantar Kagara ni kaɗai na je, haka sauran makarantun. Ba wanda ya yi dariya. Ina dawowa in same shi a tsakar gida, ya ce in ba shi labari, kwamfuta nawa, minti nawa, wa ya ba ni ruwa. Bai sake bina ba. Daga baya na samu aiki a birni, zuwana gida ya koma na Sallah. A lokacin ya fara riƙe sanda, ya ce tsufa ne ya taɓa idon, na kuma yarda.

Abin da nake kewa ba babba ba ne. Kujerar baya ta motar haya, kafaɗarsa tana bugun tawa a kan gargada. Yadda yake cewa mi tac ce, kamar kwamfutar wata baƙuwa ce mai jin kunyarsa, ni ce tafinta. Tsohon fayil ɗinsa yana nan wurina. Wani lokaci nakan ɗora shi a kwamfutar gwaji ba don komai ba, in zauna minti arba'in ina jira, don dai in ji cokalin da zabuwar.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayan zaure ni da Inna, na tsinci katin asibitin ido a cikin littafinsa. Kwanan watan da ke jiki ya riga dawowata gida da wata takwas. Inna ta karɓa ta shafa shi da yatsa, ta ce tun ranar likita ya gaya masa ganin ba zai dawo ba, sai dai ya yi ta raguwa. Shi ya sa ya zauna ya rubuta takardar amsa, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfuta, don ƙananan tambayoyin sun ɓace masa. Manyan haruffan su kaɗai suka rage yana gani, cokalin kuma shi ke gaya masa an gama. Ya hana ta faɗa mini. Ta ce ranar da muka dawo daga Rimawa ta tambaye shi yaya aikin ɗiyarsa, ya ce haske kawai ya gani, fari, amma ya ji yadda na karanta.