Gaɓar da Lantana Ta Zaɓa

Duk wanda ya saba sayen man gyaɗa a Tsohuwar Kasuwa ta Gusau ya san Lantana, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai zama kusa da masu barkono, wadda idan ka yi mata tayin wulaƙanci ba za ta ja da kai ba, sai dai ta ɗauke kai ta ci gaba da hira da maƙwabciyarta kamar ba a halicce ka ba. A Nahuce aka haife ta, can ƙasar Bunguɗu, a gidan manoman gero da gyaɗa. Aka kai ta aure Magami wurin Malam Umar, mai fataucin awaki. A can ta koyi matsar mai, a can ta haihu, kuma da son ranta ne a can za ta tsufa.

Ɗanta na fari shi ne Mahadi. Lantana kuwa mace ce irin ta da, mai riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma ana yaye shi aka miƙa shi 'Yandoto wurin gwaggonsa, can ya girma. Idan ya zo ganin gida ba ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta dubi ƙanwarsa Bara'atu ta ce, "Tambayi wancan ko ya ci abinci," alhali wancan ɗin yana zaune a kan tabarma ɗaya da su. Sa'o'inta da yawa sun sassauta wannan abu da girma ya zo musu. Ita kam ko kusa. Har ya tara gemu sunansa wancan.

Shekarar da hanyar Magami ta lalace da 'yan bindiga, Malam Umar ya fita kasuwa da sassafe bai dawo ba. Babur ɗinsa kawai aka tsinta a gefen hanya. Aka nema, aka jira, aka yi ta addu'a, har daga baya malamai suka ce ta shiga takaba. Ta yi takabar mijin da ba ta ga gawarsa ba, ba ta san inda aka binne shi ba, ba ta ma san ko an binne shi ba. Wannan rashin kabari ya fi mutuwar kanta cin ranta, ko da yake ba za ka ji shi a bakinta ba. Ta ɗauki Bara'atu da turminta da tukunyar suya, suka kama haya a Gusau.

Shi kuwa Mahadi gyaran inji ya koya a wani gareji a Tsafe. Daga nan ya gangara Legas, daga Legas aka ji ya ƙetare ƙasar waje. Abin da Lantana ta sani ke nan: yana gyaran inji a ƙasar waje. Injin mene ne? Ba ta tambaya ba, domin tambaya nuna kulawa ce, kuma uwa mai mutunci ba ta nuna kulawa ga ɗan fari. Shi bai faɗa mata ba, don ya ɗauka Bara'atu ta faɗa. Bara'atu kuma ta ɗauka ai Inna ta sani tuntuni, tunda ba ta taɓa tambaya ba. Haka mutum uku masu hankali suka kwashe shekaru, kowa yana jingine da shirun ɗan'uwansa.

Bayan Babbar Sallah ta bara Mahadi ya zo gida. Wata rana da la'asar sakaliya suna tsakar gida, Lantana tana tsince gyaɗa a faifai, ya gyara zama, ya dubi ƙanwarsa kamar yadda aka saba.

"Bara'atu, ki hwaɗa ma Inna mutanen da nike ma aiki sun ƙara min girma. Za su ba ni jirgin ruwa guda in riƙa tuƙawa da kaina, ba gyaran inji kaɗai ba. Kuma sun ce kahin in hwara ɗaukar baƙi, in ɗauki 'yan gidanmu mu sha iska mako guda bisa teku. Wuri ukku ag gare su. Inda Inna taz zaɓa can za mu, kuma can zan zamna da aiki."

Bara'atu ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta ga babu bukata. Hannun Lantana ya tsaya cak a cikin faifan. Ba ta ɗago ba, amma wata ƙwayar gyaɗa da ke tsakanin yatsunta ta murƙushe.

Mahadi bai lura ba, murna ta rufe masa ido. Ya ciro waya ya miƙa wa Bara'atu, ita kuma ta matsa ta kara wa Inna a gaban fuska. Jirgin da ke cikin hoton mai motsi bai yi kama da komai da Lantana ta taɓa gani ba. Wasu dogayen kwale-kwale ne farare guda biyu a jere, an ɗora musu ɗaki a tsakani, ga wani dogon ƙarfe a tsaye da ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. A gaba, tsakanin kwale-kwalen biyu, raga ce kawai aka shimfiɗa, kuma ga wasu Turawa kwance a kanta, ruwa yana gudu a ƙarƙashin cikinsu. Mahadi ya ce katamaran ake kiransa, kuma saboda ƙafa biyu gare shi ba ya saurin kifewa. Da nufin kwantar da hankali ya faɗi haka. Kalmar kifewa ce kawai ta shiga kunnen Lantana.

Sai ga Mahadi kansa a cikin hoton, ba takalmi, tsaye a bakin jirgin yana jan igiya yana dariya, tsakaninsa da ruwan bai kai taku ɗaya ba.

Lantana ta san ruwa. Ta tashi kusa da gulbi, ta ga yadda yake cika da damina har ya hana mutane kasuwa. Amma kowane gulbi yana da ƙetare, kana tsaye nan kana hango itatuwan can. Ta sa yatsa a kan wayar tana ja gefe, tana neman inda ruwan ya ƙare.

"Tambaye shi ina gaɓar can," ta ce, da wata murya da Bara'atu ba ta san ta da ita ba.

"Ce ma Inna babu gaɓar can. In munka yi nisa, ko wadda munka baro ba a gani."

"Tun yaushe shike wanga aiki?"

"Tun ina Legas."

Lantana ta juya ta dubi Bara'atu, kallon da ya sa yarinyar ta sauke wayar a hankali. A nan ne Bara'atu da Mahadi suka gane cewa Inna ba ta taɓa sani ba. Duk shekarun nan tana kwana tana tashi da tunanin ɗanta yana ƙarƙashin wata mota a inuwar gareji, hannu duk baƙin mai, ashe yana can yana lilo a kan ruwan da ba shi da ƙetare. Mahadi ya sunkuyar da kai.

"Bara'atu, ki ce ma Inna in ba ta yarda ba, kalma guda ta isa. In bar musu jirginsu in dawo gareji Tsafe. Wallahi ba ni komawa sai da yardarta."

Kuma da gaske yake, ta san da gaske yake. Ta ajiye faifan ta shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya Lantana ba ta cikin hayyacinta. A kasuwa tana zuba wa wata mata mai, kwalba ta cika ta tumbatsa har kan zaninta, ba ta sani ba sai da matar ta riƙe mata hannu. Ƙuli-ƙulin da ba ta taɓa ƙonawa ba tun tana amarya, ta ƙona kasko guda. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsirara, irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. Ba mutuwa take tsoro ba, ta san kowa da ranarsa. Abin da take gani shi ne a sake zuwa a ce mata wani nata ya tafi, kuma babu wurin da za a nuna mata a ce ga shi nan kwance.

Kalmar tana bakinta. "Ban yarda ba," shi ke nan, Bara'atu ta isar, magana ta ƙare. Sau da yawa ta kira Bara'atu don ta faɗa, sai ta ɓige da aikenta sayen gishiri.

Abin da ya riƙe mata harshe abin kunya ne a wurinta. Idan Bara'atu ta shiga wanka ta bar wayarta, wadda Mahadi ya tura wa hoton, a kan gado, Lantana takan lallaɓa ta ɗauka, ta danna inda ta ga ana dannawa, ta sake kallon hoton nan. Da farko ruwan take kallo. Daga baya ta tsinci kanta tana kallon mai jan igiyar. Tunda ta haife shi ba ta taɓa samun damar duban fuskarsa ta ƙare mata kallo ba, sai yanzu da babu mai ganinta. Ashe yana da wushirya. Ashe haka yake dariya, da dukan fuskarsa. A gidanta bai taɓa yin irin wannan dariyar ba, kullum kansa a ƙasa. Ta san idan ta dawo da shi gareji zai dawo, ba zai ce uffan ba, kuma dariyar ba za ta biyo shi ba.

Ita kuwa Bara'atu, da ta ga ba a ce a'a ba, sai ta ɗauka an ce to. Ta shiga kamfen. Wuraren uku su ne ƙasar Girka da tsibiran Sishel da na Zanzibar, kuma ta haddace su kamar karatun allo. Ranar da hutun Mahadi ya kusa ƙarewa, da hantsi, suka sake zama a tsakar gida, ita ce ta karɓe bayanin.

"Inna, Girka kam a cire ta. Yaya ya ce rabin shekara sanyi a kai, ƙahwahunki ba su ɗauka. Zanzibar akwai ɗumi, ga kanumhwari kamar banza, amma wani lokaci iska na da ƙarhi. Sishel ita ta wurin zuwa. Ɗumi dut shekara, ruwan kwance kamar an zuba a tasa, kana ganin kihi har ƙasa. Har kunkuru gare su wanda ya kai turmi. Ko Yaya can shika so, kunya ta hana shi hwaɗi."

Mahadi ya yi murmushi yana wasa da bakin tabarma. Gaskiya ne, Sishel yake so.

Lantana ta bari ta gama tsaf. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta kafa ido a kan bangon da ke gabanta.

"Tambaye shi, cikin wurarenga ukku, ina na in ruwa ya turo mutum bakin gaɓa za a samu masu yi mai wanka, su yi mai sutura, su sallace shi, su sa shi ƙasa, su aza dutsi don a gane wurin?"

Bara'atu ta saki baki tana kallon uwarta.

"Inna, wagga wace irin magana ta? Yawon shan iska hwa anka ce."

"Tambaye shi."

"Ni ba ni iya hwaɗin wannan."

"To bari. Ya ji."

Ya ji kuwa. Mahadi ya zauna kamar an dasa shi. Tun yana yaro a 'Yandoto ya san kunya ce ke sa Inna ɗauke kai, kowa ya gaya masa haka, amma sani daban, abin da zuciyar yaro ke raya masa daban. Ya girma da zaton cewa ko ya yi nisa ko ya yi kusa, duk ɗaya ne a wurinta. Yanzu ga ta zaune, ta kasa cin abinci kwana da kwanaki, tana nema masa waɗanda za su wanke shi. Ya juya wurin Bara'atu.

"Ce ma Inna Zanzibar. Musulmi na, masunta. Kowane ƙauye na bakin ruwa da masallacinai. Na sha yin Juma'a da su. Maƙabartarsu ma kusa da ruwa take, ana hango ta daga jirgi."

Lantana ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta yi tsammani.

"To can za mu. Kuma can za shi zamna."

Bara'atu tana hawaye ta ce, "Inna, ke da ko kwale-kwalen gulbi ba ki shiga, za ki hau wanga abu?"

"Zan hau. In rufe ido in hau." Ta miƙa hannu ta jawo buhun gyaɗar da ke jingine da bango, ta fara kwance bakinsa. "Ki samo min itace, gobe zan yi suya. Galan guda na mai da ƙuli mai yawa, ba na saidawa ba. Ki ce mishi in mun isa, kahin shi nuna min kihi ko kunkuru, shi hwara kai ni gidan limaminsu da gidan mai garinsu. In gaishe su, in ba su tsaraba, su dube shi da kyau su riƙe kamanninai. Su san ba baƙon ruwa ba na. Ɗan mutane na, yana da uwa, kuma in wani abu ya hwaru akwai mai zuwa ta tambayi inda anka sa shi."

Mahadi ya tashi da sauri ya nufi zaure, yana goge fuska da hannun riga. Lantana ba ta bi shi da kallo ba. Ta zazzage gyaɗar a faifai, ta ci gaba da tsinta.