Dakan Inna a Ƙarƙashin Ruwan Bakolori

Wallahi abin nan da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin an sallame ni daga soja, don bayan yaƙin basasa a kudu aka yi ta ajiye mu shekara da shekaru, na taso ɗoki fal, na sauka Talata Mafara na nufi ƙauyenmu wajen Maradun, sai na tarar babu ƙauye, ruwan dam ya shanye shi. Inna kuma ta rasu tun kafin a tashi mutane, kabarinta ma yana ƙasan ruwan.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da na samu a sabon matsuguni ita ta ba ni labarin wata waƙa. Ashe da aka kwashe mu zuwa yaƙi, matan garin suka ƙago waƙar daka, har hakimi ya aiko a bari, wai tana kashe wa samari jiki, suka ƙi. Cewa suke:

Masu kiran yaƙi suna gida,
Ɗiyanmu ka tahiya,
Wa za shi nome min gero?

Daga nan kowace uwa ta ambaci sunan ɗanta. In ya dawo, ko aka tabbatar ya mutu, sai ta cire sunan. Tsohuwar ta ce, "Kowa ya hidda nashi, Innarka kaɗai ta ƙiya."

Ban da kowa, ban da abin yi, sai na roƙi wani masunci ya kai ni saitin garin a kwalekwale. Bayan azahar ne, rana tsaka, balle ku ce mafarki. Muna isa inda kan wata kuka ya leƙo, na ji lugude daga ƙasa, har katakon da nake zaune yana amsawa. Sai murya. Jama'a, wa zai manta muryar uwarsa? Ta kai ƙarshen baiti ta kira sunana, "Garba."

Masuncin ya ce, "Yi kurum, malam. Kullum muna jin ta, ba a tanka mata."

Ina! Bakina ya riga ni. Na ce, "Na'am Inna, ga ni, na komo."

Dakan ya tsaya cak. Muka jira har la'asar, ko motsi.

Na koma wurin nan ban san iyaka ba, har masunta suka fara yi min kallon taɓaɓɓe. Su ma sun ce tun ranar ba su ƙara ji ba. Malamai sun ce aljanu ne, in yi wa Inna addu'a, kuma ina yi. Wasu sun ce ai hankalinta ne ya kwanta. To, Allah ya sa. Amma ni kewa ta ishe ni, don duk duniya nan ne kaɗai ake kiran sunana, na je da bakina na rufe.

Don Allah wanda tasa uwar ke raye, in ta kira shi ya amsa tun yanzu.