Sha Takwas ɗin Lorraine

Shekara talatin da takwas Norbert Zielinski ya yi yana auna kaurin takarda a wata masana'anta a garin Wausau, kuma bai yarda da abin da bai auna da hannunsa ba. Duk tsawon zaman aurensu bai taɓa sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda matarsa Lorraine ke dafa giya ba. Cewa yake yi warin sha'ir na hawa masa kai. Gaskiyar kuwa, can ne kaɗai ba ta neman shawararsa, abin kuma yana ci masa rai. Kowace shekara ranar bikin Godiya, da ake yi a ƙarshen Nuwamba, dangi su sha baƙar giyarta su yi ta santi, shi kuwa ya ce, "Ba laifi," ya ci gaba da yanka talotalo.

Lorraine ta rasu a watan Afrilu. Da Satumba ta kama, Norbert ya shaida wa 'ya'yansa cewa giyar uwarsu za ta hau tebur bana ma, kuma shi zai yi ta.

A ɗakin ƙasa ya tarar da littafinta da ma'auninta, wani siririn gilashi mai takardar lambobi a ciki. Akan saka shi cikin ruwan giya: in sukari na da yawa ya taso sama, yis, ƙwayar da ke sa giya ta nuna, na cin sukarin ma'aunin yana nutsewa, lambar tana raguwa. Nata ya tsufa, duk ya dushe. Ya jefa shi cikin aljihun tebur, ya sayo sabo dal.

Littafin ya ce, "In ya kai sha takwas, a ɗura a kwalba." Ya dafa giyar, ran kwana na shida sabon ma'auni ya nuna sha takwas cif. Ya ɗura kwalba arba'in da takwas, ya toshe, yana jin kansa.

Bayan mako uku, yana sharar ganye a tsakar gida da rana tsaka, sai ya ji tau! daga ƙasa. Sannan wata. Kafin ya isa, kwalba bakwai sun tarwatse, kumfa har kan injin wanki.

Yana tsaye cikin ɓarnar Dolores, ƙanwar Lorraine, ta sauko matakala.

"Mijin Yaya, farautar barewa ka fara a cikin gida tun lokaci bai yi ba?"

"In tsiya ta kawo ki, ga hanya nan."

"Miya na kawo maka, tsoho. Me ka aikata?"

Ya miƙa mata littafin. "Abin da ta rubuta na bi, ban kauce ba. Ita ce ta yi kuskure." Ya ji wani ɗan daɗi da ya faɗi haka, nan take kuma kunyar daɗin ta kama shi.

Dolores ta dubi sabon ma'aunin, ta ja tsaki. "Ina nata? Ɗauko. Ka cika kofin awon nan da ruwa zalla, mai ɗan sanyi."

Suka saka sabon, ya tsaya a kan sifiri, yadda ya kamata a ruwan da babu sukari. Suka saka tsohon, ya tsaya a kan takwas.

"Faɗuwa ya yi shekarar da aka haifi 'yarku Marcy, takardar ciki ta zame," in ji Dolores. "Sha takwas ɗinta goma ne. Kai kuwa ka toshe kwalba yis bai gama cin abincinsa ba, yana ta fitar da iska. Ina kake so iskar ta bi?"

"To me ya hana ta rubutawa?"

"Ta rubuta wa wa? Ta sani, na sani. Duk wanda ya taɓa saukowa nan ya sani."

Norbert ya dubi tsohon ma'aunin. Shi da ba ya fara aiki da safe sai ya gwada ma'auninsa tukuna, ga shi bai gwada ko ɗaya ba. Ya gane bai zo koyon aikinta ba, zuwa ya yi ya nuna cewa da ma abin babu wuya.

"Saura mako shida," ya ce a hankali. "Zai isa?"

"Da ƙyar. Sa safar hannu mu buɗe sauran kafin su cire maka ido. Kuma wannan karon sai lambar ta tsaya wuri ɗaya kwana uku."

Washegari ya ɗora tukunya, Dolores na zaune a matakala tana ba da umarni, shi kuma, abin mamaki, yana bi. Da tsohon ma'aunin ya yi aiki. A ƙarƙashin rubutun matarsa ya ƙara da ƙananan haruffa, "Nata yana ƙara takwas."

Ranar bikin, 'yarsa Marcy ta kurɓa, ta juya kofin, ta dube shi ta gefen ido.

"Ba laifi, Baba."

Mutanen tebur suka kwashe da dariya. Norbert bai yi ba. Ya ajiye wuƙar yanka talotalo, ya kurɓi tasa.

"Ta uwarku ta fi," ya ce. "Nesa ba kusa ba. Tun da can ma na sani."