Haradhan Mai Tsoma Gilashi

Shekara talatin da ɗaya Haradhan Maiti ya yi yana shiga jirgin ƙasa na safe daga Baruipur zuwa Kolkata, a tsaye, ya rungume jakar abincinsa. Aikinsa a cibiyar binciken gilashi bai taɓa canzawa ba. Ya wanke 'yan gilasai tas, ya tsoma su cikin ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin zinariya waɗanda ido ba ya gani, kowace an lulluɓe ta da ɓawon silika, sinadarin yashi, sannan ya gasa a tanda. In ɓawon ya yi daidai, gilashin kan fito ja kamar ruwan rumman. In ya yi kauri, sai ya karkata zuwa shunayya.

A aji goma karatunsa ya tsaya, amma kafin na'ura ta gama auna haske ya riga ya faɗi sakamakon. Ɗalibai suka yi ta zuwa, suna samun digiri, suna wucewa Jamus. Sau ɗaya sunansa ya fito a takarda, can ƙasa wajen godiya, shi ma an rubuta shi a karkace.

Da daminar bara Dakta Basak, shugabar ɗakin gwajin, ta ɗaga wani gilashi a gaban taga.

"Haradhan-da, wannan ka ce ja ne?" ta ce, ta ƙara wa sunansa "da" ɗin girmama babban wa.

"Ja ne mana, Didi." Haka yake kiranta, wato Yaya.

"Na'ura ta ce a'a. Na uku ke nan a makon nan."

"To ki ce wa na'urar ta riƙa wanke muku gilasan ma."

Ba ta yi dariya ba, asibiti ta tura shi. Ashe yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu, aka cire.

Ranar da ya dawo, ya jawo durowar aikinsa na shekara biyu, ya riƙa ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabi ya yi musu alamar launin da ba nasu ba. Ya daɗe zaune, shayinsa ya huce.

Dakta Basak ta roƙe shi ya ƙara shekara, ya koya wa ɗalibai gane launi.

"Idon ya dawo, Didi," ya ce, "ƙafafun ne suka ƙi."

Ya gyara alamomin duka, ya miƙa makulli. Yanzu yana gida yana shuka kabewa a bayan ɗaki, matarsa Shefali na mitar ya cika wanke kofi sau uku.