Teburin Jiniya a Bakin Taga

Duk gidan babu wanda ya lura cewa idan Jiniya ya zauna gaban kwamfuta, ba ya daɗewa sai ya ɗaga ido sama ta hannun dama, ya kalli wani wuri a bango inda babu komai sai tabon ƙusa, sannan ya dawo kan rubutunsa. A motar asibiti daidai nan madubin duba baya yake. Shi kansa bai san yana yi ba.

A bakin aiki ya samo sunan Jiniya. Tun yana saurayi yake tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta babban asibitin gari, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Abokan aikinsa kan ce ko shayi zai je saya, ji yake kamar ya kunna jiniya a ba shi hanya. Bai iya tafiya a hankali ba, kuma rabin abincinsa a tsaye yake ci.

Bara ne, yana wanke mota a harabar asibiti, ya ji wani wari kamar roba na ƙonewa. Bai san abin da ya biyo baya ba, sai farkawa ya yi a kan gadon da shi ya saba turowa da wasu a kai. Ba a jima ba ya sake faɗuwa a gida, nan ma warin ne ya fara zuwa. Likita ya ce farfaɗiya ce. Ya ce da magani zai yi rayuwarsa kamar kowa, amma sitiyari sai ya haƙura da shi, motar marasa lafiya kuwa kada ma ya sa rai.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ta nemo masa wani kwas. Aikin shi ne, likita ya gama duba mara lafiya ya ɗauki bayaninsa a murya, wani kuma ya saurara ya buga shi a rubuce ba ragi ba ƙari. Ana koyo daga gida ta intanet, wanda ya ci jarrabawar ƙarshe a riƙa turo masa aiki.

"Ni da ko wasiƙa ban taɓa bugawa ba?" in ji shi.

"Yatsu sa koya, maigida. Kunne ne mai wuya, kuma kana da shi. Wa ya kai ka jin maganar nas-nas ta 'yar tagar nan ta bayanka a mota?"

Gaskiyarta. Sunayen cututtuka da na magunguna da sauran ɗalibai ke haddacewa da ƙyar, shi ya daɗe da saninsu a kunne, yadda ake rubuta su ne kawai bai sani ba. Malama ta karɓo tsohuwar kwamfutar ƙaninta, aka sayo abin sauraro na kunne da wata feda da ake ajiyewa a ƙasan tebur. Ka taka tsakiya, murya ta tafi. Ka ɗaga ƙafa, ta tsaya. Ka taka gefen hagu, ta koma baya. Ranar da ya fara ɗora ƙafa a kanta har murmushi ya yi, ya ce, "Ashe da totur a aikin nan."

To a nan matsalar ta fito. Jiniya ba ya komawa baya. In likita ya haɗiye rabin kalma, ko aka buga ƙofa a cikin muryar, sai ya cika wurin da abin da ya fi kama, ya wuce. Malamar kwas ɗin, wadda bai taɓa ganin fuskarta ba, takan dawo masa da aikinsa jajir da gyara. Kullum maganarta ɗaya: abin da ba ka ji ba ka koma ka sake ji, in ya ƙi ka bar gurbinsa a buɗe.

"Ita ba ta san ba a ribas da mara lafiya a mota ba," ya ce wa Malama.

"Ai ba mota kake ciki ba. Kujerar cin abincina ce, kuma ka kusa karya mata ƙafa."

Teburin a bakin taga yake, tagar kuma titi take kallo. Ko da abin sauraro a kunnensa, ƙarar mota na ratsowa. Wata ta wuce ya ce wannan birkinta ya cinye. Wata ta wuce ya miƙe ya leƙa. Daga nan sai tsakar gida, ya gyara zaman bokiti, ya shiga kicin ya buɗe tukunya ya rufe, ya fita ƙofar gida ya gaisa da mai gyaran takalmi, ya dawo ya tarar da likita a tsaye a tsakiyar jimla inda ya bar shi. In kuwa jiniyar gaske ta taso daga babban titi, aikin ranar ya ƙare. Zai tsaya riƙe da ƙarfen taga yana bin ƙarar har ta ɓace, yana faɗa wa direban a ransa inda zai karya kwana ya kauce wa cunkoson kasuwa.

Abu ɗaya ne ke zaunar da shi. Muryoyin da ake ba su na koyo tsofaffi ne, an cire sunayen mutane, amma labarin na nan: an kawo mace mai naƙuda, an yi mata aiki, ita da jaririn suna lafiya. An kawo dattijo numfashi na sarƙewa, ya kwana biyu, an sallame shi. Shi da can iyakarsa ƙofar ɗakin gaggawa. Ya sauke mara lafiya, a turo masa gado babu kowa, ya juya mota. Bai taɓa sanin yadda ake ƙarewa ba. Wani lokaci yakan manta da bugawa, ya bar ƙafa a kan feda yana saurare har ƙarshe.

Jarrabawa ta matso, shi kuwa gwajin da ya yi na baya bai haye ba. Ana cikin haka Dogo ya zo. Tare suka yi tuƙi a babban asibiti, yanzu ya koma wani asibitin kuɗi a bayan gari. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon tebur da wayoyi yana dariya.

"Jiniya, kai ne aka ɗaure haka kamar akuya? Sakataren likita!"

"Shigo, tsohon banza. Har yanzu kana taka kuloci kamar kana kashe kunama?"

Da suka sha shayi Dogo ya rage murya. Asibitinsu na neman direba na biyu. Mai wurin ba ya tambayar takardar likita, hannu yake dubawa. "Tun yaushe rabonka da faɗuwa? Ga ka garau. Ka zo gobe ka juya masa motar a haraba, shi ke nan."

Jiniya bai ce wa Malama komai ba. Amma da yamma ta tarar da shi yana goge farar rigarsa ta aiki, wadda ta daɗe a ƙasan akwati. Ta tsaya da littattafan 'yan ajinta a hannu.

"Dogo ya zo ke nan."

"Gani kawai zan je in yi."

"Ni na san abin da nake zaune da shi, maigida, kuma na yarda. Wanda za a kwantar a bayanka shi ba a tambaye shi ba."

Ta wuce ciki. Ya ci gaba da guga, ya daɗe a kan wuyan rigar da ya riga ya miƙe.

Da safe bayan ta tafi makaranta ya hau bas. Motar na tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano a harabar asibitin, fara, an ɗan daki gefenta. Mai asibitin bai iso ba tukuna. Dogo ya cillo masa makulli ya ce ya ɗumama ta kafin nan.

Ya hau. Ya ja kujera baya kaɗan, ya gyara madubi, hannunsa ya sauka kan giya ba tare da ya duba ba. Da ya murɗa makulli injin ya kama, rawar motar ta bi ta cinyoyinsa har gadon bayansa. Rabonsa da jin jikinsa ya zauna wuri ɗaya haka tun kafin ciwon. Ta madubi yana hango gadon mara lafiya da bel ɗinsa a rataye.

Sai ya ji warin. Roba na ƙonewa.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tsaya cak yana jira. Ya shaƙa a hankali, warin na nan. Ya leƙo ta taga.

"Dogo, kana jin wani wari?"

"Wane iri?"

"Kamar roba."

Dogo ya matso ya sunkuya wajen bonet. "Oho, fambel ne, bel ɗin injin. Ya kwana biyu yana haka, na gaya musu su canza. Hancinka dai na nan, mutumina."

Fambel ne. Lafiyarsa ƙalau. Jiniya ya saki numfashi, amma bai saki sitiyarin ba. Yanzu da Dogo a gefe ya tambaya. A kan titi fa, jiniya na kuka, nas na baya tana fama da wani, wa zai tambaya ko warin na mota ne ko na kansa? Kuma in ya tsaya tambaya, wanda ke kan gadon fa?

Ya kashe mota. Ya mayar da kujera yadda ya same ta, ya sauko, ya miƙa makulli.

"Ya haka? Ga mai asibitin nan tafe."

"Ka ba shi haƙuri. Kuma ku canza fambel ɗin nan yau, kada ya tsinke muku a hanya."

"Jiniya, zaman ɗaki zai kashe ka."

"Wataƙila. Amma ni kaɗai."

A bas ɗin dawowa ya zauna bayan direba, ƙafarsa na taka birkin da babu a duk mahaɗa, har wata mata da ke kusa da shi ta janye jakarta. Ya sauka tun kafin unguwarsu ya ƙarasa da ƙafa, da sauri kamar ana jiransa.

Malama ta dawo ta tarar da farar rigar a rataye a ƙusa, kuma ana jan wani abu a ƙasa cikin ɗaki. Ta leƙa. Jiniya ne ke jan teburin daga bakin taga zuwa lungun da ke kallon bango, wayoyi na biye da shi.

"Can ai babu iska," ta ce.

"Babu titi kuma."

Ta kama ɗaya gefen suka ƙarasa da shi. A sabon wurin ƙasa ba ta daidaita ba, teburin na rawa. Ya fita tsakar gida ya yago kwali, ya ninka shi, ya durƙusa ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya girgiza teburin ya ji ya tsaya. Sannan ya jawo fedar da ƙafa, ya gyara mata zama yadda gefen hagu zai zo daidai babban yatsansa.